Uwar Waƙa da Ɗan Kama: Wace Irin Waƙa Ce Ke Ɗaukar Barkwanci?

Ran wata kasuwa a Ƙaura Namoda na tsaya a rumfar mai cajin waya, ina jiran tawa ta ɗan sha wuta. Wasu samari uku 'yan Sakajiki sun jingine buhunansu, sun haɗa kai a kan waya guda suna ta ƙyaƙyata dariya. Wani tsohon bidiyon Ibro suke kallo, yana tiƙar rawa a kan kiɗan nan da kowa ke kira makosa. Wani dattijo da ke zaune a benci ya kasa kunne na ɗan lokaci, sannan ya ce musu, "Ku yara, kun san mai wanga kiɗi kuwa?" Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ai na Ibro na." Dattijon ya yi murmushi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Amsar yaron nan ce ta sa ni wannan rubutu. Idan ana maganar waƙoƙin barkwanci da aka ɗora a kan karin wata waƙa, hankalinmu yakan tafi ga mai ba da dariyar: ya iya ko bai iya ba, ya wuce gona da iri ko bai wuce ba. Ba kasafai ake waiwayar waƙar da aka hau kanta ba, alhali ita ce ke ɗauke da kayan. Ni a nan ita nake son mu duba. Zan jera uwayen waƙoƙi guda biyar, daga Indiya da Kwango da Amurka da nan gida, in gwada su da juna, in ga me kowace ta bai wa mai kwaikwayo, me kuma ta rasa a hannunsa.

Sana'ar ta girmi waya

Kafin a san TikTok, kafin ma a san kaset, Bahaushe yana da 'yan kama. Ɗan kama yakan shigo kasuwa ko dandali, ya ɗauki muryar malami mai jan baƙi ko ta babban makaɗi, ya bi karin sau da ƙafa, sai dai duk inda ake sa ran jin hikima ko kirarin basarake, sai a ji tuwo da miya da fura da nama. Wani Bature mai suna C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan wannan sana'a tun 1967, Graham Furniss ma ya tattauna ta a littafinsa na adabin Hausa da ya fito a 1996.

Dabarar ɗan kama tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, dole masu sauraro su san uwar waƙar, su san ta har su iya hango kalmar da ke tafe kafin a furta ta. Na biyu, dole uwar waƙar ta kasance mai nauyi. A ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi ba sai an yi dogon bayani a kan nauyin waƙa ba. Idan kotso ya tashi, 'yan amshi suka karɓa, mai sauraro yakan gyara zama. Wannan gyara zaman shi ɗan kama ke jira. Sai ka miƙe wuya kana jiran sunan sarki, ya sauke maka malmalar tuwo. Tazarar da ke tsakanin abin da ka zata da abin da ka samu, nan dariyar take. Da wannan ma'auni zan auna sauran.

Waƙar yaƙi a bakin yara

A ƙarshen shekarun 1950 aka yi wani fim ɗin Indiya mai suna Rani Rupmati, labarin sarauniyar Mandu da mijinta Baz Bahadur, waɗanda rundunar Sarki Akbar ta ci ƙasarsu da yaƙi a 1561. S. N. Tripathi ne ya tsara kiɗan. A cikinsa akwai waƙar "Itihaas Agar Likhna Chaho", wadda ke zaburar da jama'a su tashi su kare ƙasarsu idan suna son tarihi ya ambace su. Fim ɗin ya zagaya gidajen silima na Arewa, ya daɗe a zukatan mutane. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna yadda yaran Hausawa suka mayar da wannan waƙa abin wasansu na dandali, wadda aka fi sani da Cibayyo.

Yaran nan ba su jin Indiyanci. Kunne suka bi: duk inda sautin baƙon harshe ya yi kama da wata kalmar Hausa, sai su dasa ta a wurin. Abin sha'awa shi ne ba su yi nisa da ma'anar ba, domin sun ga dawaki da takubba a majigi. Tasu waƙar ma ta yaƙi ce da dawowa daga fagen fama, sai dai sun ƙara mata abin da babu a uwar, wato tsokanar manyan fada.

Me waƙar Tripathi ta ba su? Kari mai tafiya kamar faretin soja, gajerun layuka masu tsawo ɗaya, da amshi mai dawowa a kai a kai. Irin wannan gini ko an kwashe masa kalmomi ba ya rushewa, kamar rumbun da aka kwashe hatsinsa: kana iya zuba wani. A cikin waƙoƙi biyar ɗin nan ita ce ta fi ƙarfin ƙashi. Hujjata ita ce ba yara kaɗai suka ga amfanin karin Indiya ba. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗauka, daga baya kuma ƙungiyoyin bandiri irin su Ushaƙu Indiya a Kano suka riƙa ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin finafinan Indiya. Kari guda yana iya ɗaukar wasa, yana iya ɗaukar bege. Abin da waƙar ta rasa a hannun yaranmu shi ne hawayenta. A can kiran mutanen da ke shirin mutuwa ce, a nan ta koma tsalle-tsallen hasken farin wata.

Awilo da Ibro

Yanzu mu koma ga tambayar dattijon nan. Mai kiɗan shi ne Awilo Longomba, ɗan Kwango, ɗan Vicky Longomba wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar OK Jazz tare da Franco. Awilo ya fara ne a matsayin mai ganga a ƙungiyoyi irin su Viva La Musica da Loketo, kafin ya fito da kansa da kundin Moto Pamba a 1995. Kundin Coupé Bibamba na 1998 ne ya kai shi ko'ina, har ya zama a farkon shekarun 2000 da wuya ka ratsa tasha ko shagon kaset a Nijeriya ba ka ji shi ba. Ko sunan da muka ba kiɗan ma aro ne a kan kuskure. Makosa ta mutanen Duwala ce a Kamaru, shi kuwa Awilo sukus yake yi irin na Kinshasa, wanda aka ƙara wa sauri da na'urorin zamani.

Idan ka saurari "Coupé Bibamba" da kunnen nazari, za ka ji cewa mai ganga ne ya gina ta. Karin rerawa kaɗan ne. Abin da ya cika ta shi ne bugu, da jita mai maimaita kanta, da gajerun kiraye-kiraye da ake jefawa ana amsawa, cikin Lingala da Faransanci. Mafi shahara a cikinsu tambayar suna ce, irin wadda ake koya wa ɗan aji ɗaya. Mutumin Zurmi da ke da dangi a tsallaken iyaka, ko ɗan Maraɗi, zai gane ta nan take. Ɗan Kano kuwa sauti kawai ya ji. A ƙarƙashin duk wannan annashuwa waƙar tana taɓo talauci, amma wannan ɓangaren bai ƙetaro mana ba ko kaɗan.

To ga matsalar da Rabilu Musa Ɗanlasan ya tarar. Waƙar da ma tana wasa da kanta, ba ta da rawanin da za a tuɓe mata. Sharaɗin ɗan kama na biyu bai cika ba a kalmomi. Inda nauyin Awilo yake shi ne a jikinsa: ado, taƙama, 'yan rawa a baya, tafiyar tauraron da ya san ana kallonsa. Can Ibro ya kai hannu. Sunan fim ɗin ma, Ibro Awilo, ya faɗi dabarar, kamar yadda Ibro Ɗan Indiya da Ibro Usama da Ibro Saddam suka faɗe ta: a ɗauki sunan da ya cika duniya a rataya wa baƙauyen da kowa ya san wautarsa. Dariyar tana fitowa ne daga ganin jikin da muka saba gani a finafinan camama yana ƙoƙarin ɗaukar yangar Kinshasa da Faris. Rabin tsokanar ta Awilo ce, rabi kuma tamu ce, mu da ke rawa da waƙar da ba mu san me take cewa ba.

Barkwancin da ya koma jiki yana da farashi, domin jiki shi mai tacewa ke fara gani. A 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, kuma rawar da ke ciki tana daga abubuwan da aka tuhume shi da su. Mutumin da ya taɓa aikin gandiroba sai ga shi a ɗaya ɓangaren ƙofar. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, amma ga shi har yau a wayoyin 'yan Sakajiki, ya gaje kiɗan da ba shi ya ƙirƙira ba.

Bature ma ɗan kama ne

A Amurka akwai wani mawaƙi, "Weird Al" Yankovic, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana wannan sana'a. Waƙoƙinsa biyu sun ishe mu misali.

Ta farko ya ɗora ta ne a kan "Beat It" ta Michael Jackson, daga kundin Thriller na 1982. Uwar waƙar nasiha ce ga matashi: idan 'yan daba suka tare ka, ka kama gabanka, gudun faɗa ba ragwanci ba ne. Quincy Jones ne ya tsara ta, Eddie Van Halen ya kaɗa jitar da ke tsakiyarta, Jackson kuma ya rera ta da murya mai huci kamar wanda ake bi. A 1984 Yankovic ya fito da "Eat It", inda wannan hucin duka ya koma faɗan iyaye da yaron da ya ƙi cin abinci. Ka ga ɗan kama sak: an ɗauki magana mai nauyi an mayar da ita kwano. Har lambar Grammy ta samu.

Abin da "Beat It" ta bayar shi ne umarni. Amshinta gajeren umarni ne da ake maimaitawa, kuma umarni yana da saurin juyawa: canza aikatau ɗaya, ka bar tsawar yadda take, sai mai gargaɗi ya koma mai mita. Bambancinta da waƙar Indiya da ta Awilo shi ne masu sauraronta suna jin harshen. Sharuɗɗan ɗan kama biyu sun cika, shi ya sa kwaikwayon bai rage wa uwar komai ba. Wanda ya yi dariyar "Eat It" ya san inda aka ɗauko ta, gobe kuma zai koma ya ji ta asali.

Ta biyun ita ce ta fi ba ni tunani. A 1995 Coolio ya fitar da "Gangsta's Paradise", wadda aka yi amfani da ita a fim ɗin Dangerous Minds. Shi ma aro ya yi, domin a kan "Pastime Paradise" ta Stevie Wonder ta 1976 ya gina ta. Muryar da ke magana a ciki ta wani matashi ce da ya tashi a unguwar bindiga, yana duban rayuwarsa, ba shi da tabbacin zai ga baɗi. Kiɗan a hankali yake tafiya, da amshin taron muryoyi kamar a wurin makoki. A 1996 Yankovic ya mayar da ita "Amish Paradise", a bakin wani manomi daga al'ummar Amish, Kiristocin nan da ke gudun wutar lantarki da mota, suna tafiya a keken doki. Coolio ya fito fili ya nuna ɓacin ransa, yana ganin an wulaƙanta waƙar da ya yi da gaske. Bayan shekaru ya sauko, ya ce shi ne bai kyauta ba.

A ma'aunin ɗan kama, wannan ita ce uwar waƙar da ta fi kowace dacewa, domin ta fi kowace nauyi. Kuma saboda wannan dalilin ne kwaikwayonta ya fi ciwo. Nauyin waƙar sarauta na rawani ne, idan aka tuɓe shi sarki bai mutu ba. Nauyin waƙar Coolio na gawa ne. Na yarda Yankovic ya tsira, saboda bai yi wa matattun dariya ba, ya kwashe karin ne ya kai shi wata duniya dabam. Amma fushin Coolio na farko ba wauta ba ce, kuma wanda ya fito daga Zurmi ko Shinkafi a shekarun nan zai fi kowa gane shi.

Da muka dawo gida

A 2020, ana cikin kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi, har matan aure suka riƙa ɗora bidiyon suna yi wa mazajensu rawarta, aka yi ta muhawara a kai. Waƙar soyayya ce mai taushi, da murya da aka tace da na'ura, da kari mai sauƙin kamawa. Irin waɗannan waƙoƙi na nanaye su ne yanzu abincin masu barkwanci a TikTok da YouTube. Na ji an juya karin soyayya iri-iri ya koma kukan mai bin bashi, ko na magidancin da cefane ya fi ƙarfinsa, ko kirarin shinkafa da wake.

A nan mun koma inda 'yan kama suka fara: harshe ɗaya, mai sauraro ya haddace uwar, yana jiran kalmar da za a sauya. Sai dai waƙar soyayya ta zamani tana da rauni guda a matsayin uwa. Nauyinta na lokaci ne. Tana tashe wata shida, wata ta ture ta, kwaikwayonta kuma ya mutu tare da ita, domin wanda bai san uwar ba ba zai ga abin dariya ba. Cibayyo ta rayu shekaru da dama ba tare da an san uwarta ba, saboda ƙarfin karinta. Ibro Awilo ya rayu saboda jikin Ibro. Yawancin na yau ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, sauri kawai suke da shi.

Idan aka ce in jera su, ga yadda nake gani. Wajen ƙarfin kari, ta Rani Rupmati ce gaba. Wajen dacewa da sana'ar ɗan kama ba tare da an yi asara ba, "Beat It". Wajen nauyi da haɗari, "Gangsta's Paradise". "Coupé Bibamba" ita ce ta fi ba mai kwaikwayo wahala, shi ya sa nasarar Ibro a kanta ta fi burge ni. "Jaruma" da 'yan uwanta su ne mafi sauƙin hawa, kuma mafi saurin sauke mahayi.

Abin da ya rage a kanmu

Abu biyu nake so masu wannan sana'a a yau su riƙe. Na farko shi ne suna. Doka ba ta hana su ba: Kotun Ƙolin Amurka ta ba kwaikwayon barkwanci kariya tun 1994 a shari'ar ƙungiyar 2 Live Crew, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta sa shi cikin abubuwan da aka yi wa rangwame. Duk da haka Yankovic yakan nemi izinin mai waƙa kafin ya taɓa ta. Mu a nan ko ambaton sunan ba a cika yi ba. A yankinmu kuma waƙa ta fi yawo ta hannun masu turawa a kasuwa, daga memori zuwa memori, musamman tun da aka taɓa rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. A irin wannan tafiya sunan mai waƙa shi ke fara faɗuwa a hanya. Layi ɗaya a farkon bidiyo, a ce karin wane ne, ya isa ya hana yaro cewa kiɗan Awilo na Ibro ne.

Na biyu shi ne sanin abin da ake ɗagawa. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mazajen daji waƙa a zamanin da ake jin irin wannan kirari a yi shewa. Yau a Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, maganar mazajen daji ta zama maganar wanda aka ɗauke, da wanda aka binne, da gonar da aka kasa nomawa. Mawaƙa suna yin waƙoƙin kuka a kan wannan hali, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani zai ga karinsu ya yi daɗin juyawa. Ba na cewa kada a yi dariya, mutanen da ke cikin wuya sun fi kowa buƙatarta, na kuma ga haka a fuskokin samarin nan uku. Amma ɗan kama na gaske ya san wanda yake tsokana: mai rawani, mai taƙama, mai ciki, da shi kansa. Ba ya zuwa gidan makoki da tuwonsa.

Da wayata ta cika na nemo "Coupé Bibamba" na miƙa wa samarin. Suka saurara har ta kai tsakiya, ɗayansu yana kaɗa ƙafa. Wanda ya ba dattijo amsa ɗazu ya ɗago kai ya ce, "Wanga ma ya iya, amma bai kai Ibro ba." Ban yi masa gardama ba. Na dai roƙe shi ya bari mai rumfa ya tura masa ita a memori, da sunan mai ita a jiki.